Gargaɗi kan mai sayar da "allurar dabino" a Legas

Naira 85,000. Wallahi har yanzu in na tuna sai in ji kaina ya sara. Kuma kada wani ya zo yana ce mini ni sakarai ne, shekarata 11 ina kula da lambun mutane tsakanin Ajah da Lekki, na san ƙasa, na san taki.

Gajerun dabinon ado ne guda shida a tukwane, na gidan Alhajin da nake wa aiki. Bayan ruwan Yuli ganyayen ƙasa suka fara zama ruwan ɗorawa daga gefe, tsakiyarsu na nan kore. Na sa hoton a wani guruf na masu fulawa a WhatsApp. Ko minti goma ba a yi ba wani mutum ya kira ni. Da Hausa fa! "Ɗan'uwa, cuta ce mai yaɗuwa, in ka kwana uku sai gawa." Wai yana da allura daga Dubai, kwana bakwai ganye ya koma kore shar.

A Agege muka haɗu bayan la'asar. A'a, kafin nan na riga na tura masa 50,000, a haɗuwar ce na cika 35,000. Abin da ke cina shi ne yadda ya dafa kafaɗata ya ce, "Malam, mu a baƙon gari in ba mu riƙi juna ba wa zai riƙe mu?" Ya dafa ni fa. Har kuɗin mota ya so ya ba ni, na ce ya bari. Ni na ce ya bari!

Kwalba uku ya miƙo, ba takarda ba suna, ruwa shuɗi kamar na bula. Ya ce in yanke duk ganyen da ya yi ɗorawa in tuttula maganin a gindi. Na yi. Sati bai cika ba bakin sauran ganyen ya ƙone. Lambarsa a kashe, a guruf ma ya fice.

Wani dattijo mai sayar da fulawa a bakin titi ne ya duba mini. Ya juya ganye ɗaya a hannu ya ce, "Yaro, yunwa ce, ba cuta ba." Ɗorawa a gefen tsohon ganye da kore a tsakiya ƙarancin maganiziyam ne, wani sinadarin abincin shuka, ruwan sama ne ya wanke shi daga tukunya, gishirin Epsom mai ɗauke da maganiziyam da takin da ya dace sun isa. Da ɗigo-ɗigo ne masu ruwan lemo da ƙonewar baki, da ƙarancin sinadarin fotashiyam ne. Ya ce ganyen da ya riga ya yi ɗorawa ba ya komawa kore ko da me aka zuba, sabon toho ake kallo. Yankewar da na yi ma ɓarna ce, don itacen na jan abinci daga tsohon ganye ya ciyar da sabo. Da hannuna na yi.

Ɗaya daga ciki kuma ashe tukunyarsa ba ta da huda, saiwa ta ruɓe cikin ruwa, in ka sunsuna ƙasar sai wari. Wannan dai laifina ne, na ɗauka. Amma 85,000 fa? Kuɗin Alhaji ne, kuma na ce a cire a albashina, don ban iya haɗa ido da shi.

Biyu sun mutu, zuciyarsu, wato tohon tsakiya, ta zare a hannuna, dabino kuwa in zuciya ta tafi shi ke nan.

Hotunan hirarmu da rasit ɗin turawa suna wayata, zan ɗora da daddare in na samu caji. Kada ku sayi maganin da ba takarda a jikinsa. Kada ku tura kuɗi kafin a zo a ga itacen. Kwalba ɗaya na nan ban buɗe ba, duk mai son gani ya same ni a Ajah.