Ƙura da hayaƙi a hasashen yanayi: ta jadawali da ta lissafin yau

Malam, ka ce manhajar wayarka ta nuna za a ƙwalla rana, sai ga hazo ya rufe sama, zafin ma bai kai inda aka faɗa ba, shi ne kake tambaya ko masu hasashe ba sa saka ƙura da hayaƙi a lissafinsu. Suna sakawa, amma hanya biyu ce, kuma galibin abin da ke zuwa wayoyi daga mai sauƙin ce yake fitowa.

Mai sauƙin ita ce ta jadawali. An tattara bayanan shekaru da dama, an fitar da matsakaicin ƙura, gishirin teku, hayaƙi da sauran burbushin da ke yawo a iska, wata-wata, yanki-yanki. In kwamfuta ta zo lissafin hasken ranar da zai iso ƙasa, sai ta leƙa jadawalin ta ɗauka. Guguwa ta tashi jiya ko ba ta tashi ba, ita dai ƙurar Janairu ta sani. A kan haka cibiyar hasashe ta Turai, ECMWF, mai hedikwata a Reading ta Ingila, ta daɗe tana tafiyar da babban hasashenta, wanda ke yanka duniya gida-gida, kowane gida kimanin kilomita 9.

Ɗayar kuwa bin kowane burbushi take yi tun daga inda ya taso har inda zai sauka. Wannan cibiya ce dai ke gudanar da shirin CAMS na Tarayyar Turai mai sa ido kan abin da ke cikin iska, da injin lissafi iri ɗaya, sai dai an ɗora masa ƙura, hayaƙi da gomman iskokin sinadarai. Yana fita sau biyu a rana, yana hango kwana 5. Amma gidajensa sun kai kilomita 40. Nan ne aka biya kuɗin. Kowane sinadari da aka ƙara, sai an lissafa yadda iska ke kwasarsa a kowane gida, a kowane hawa na sama, ga kuma cuɗanyarsu da juna. Kwamfuta ba ta ɗaukar kaya biyu a kai ɗaya, dole a rage wani.

Su kansu iskokin halinsu daban-daban ne. Iskar NO2 da ke fita daga motoci da masana'antu sa'o'i take yi ta ɓace, ita kuwa CO, iskar gubar da ke fita in abu ya ƙone, takan yi makonni, har ta tsallaka teku. Ozon na ƙasa-ƙasa babu bututun da ke fitar da shi, hasken rana ne ke dafa shi daga wasu iskokin. Jadawali ba zai gaya maka abin da rana za ta dafa gobe ba.

Inda abin ya fi wuya shi ne tashin ƙura. Ƙasa ba ta sakin ƙura sai iska ta kai wani ƙarfi, daga nan kuma abin ninkuwa yake yi: in gudun iska ya ninka biyu, ƙurar kan ninka wajen takwas. Kuskuren kashi 10 cikin 100 a gudun iska sai ya zama kusan kashi ɗaya cikin uku a ƙura. Ɗauki kwarin Bodele na Cadi, ɗaya daga cikin manyan mafitar ƙura a duniya. Iska ce ke matsowa tsakanin duwatsun Tibesti da Ennedi, da hantsi ta sauko ta share busasshen gadon tsohon tafki. Gida mai kilomita 40 yakan daddale irin wannan mashigi, sai iskar ta fito da rauni a lissafi.

To me ake samu in an jure wahalar? Ƙurar takan mayar wa yanayi martani. Da rana ta tare haske zafi ya ragu, da dare ta riƙe ɗumin ƙasa, wannan ya sauya iska, iskar kuma ta sauya ƙurar da za ta tashi. Abin da wayarka ta rasa ke nan ranar. Amurka ta shigar da hayaƙin gobarar daji cikin hasashenta na HRRR, mai gida kilomita 3, a 2020, don hayaƙi mai kauri kan danne zafin rana yadda jadawali ba zai gani ba.

Akwai ta tsakiya da ya kamata in ambata: a gama hasashen iska tukuna, sannan a saki burbushi a ciki a ga inda zai nufa, ba tare da ya taɓa yanayin ba. Haka hukumar yanayi ta Birtaniya ta bi tokar dutsen da ya yi aman wuta a Aisland a Afrilun 2010, lokacin da aka dakatar da jirage a Turai kusan mako guda.

A wajen awo ma ba su zo ɗaya ba. Zafi da iska suna da dubban tashoshi, da balan-balan, da jirage. Burbushi kuwa yawanci tauraron ɗan'adam ake dogara da shi, irin Terra da Aqua masu ɗauke da na'urar MODIS, da Sentinel-5P da aka harba a 2017 don iskoki. Na'ura irin MODIS jimillar abin da ke tsakanin ƙasa da sama take gani, ba ta bambance ƙurar da ke bakin hancinka da wadda ke kilomita 3 a sama. Girgije na rufe mata ido, farin yashin hamada kuma na rikita ta.

Ni dai a ganina, ranar da sama ke wasai, ta jadawali ta fi amfani wajen zafi da ruwan sama, don gidajenta sun fi ƙanƙanta. Ranar hazo ko hayaƙi, buɗe ta lissafin yau, irin ta CAMS. In ka buɗe kuma kada ka tsaya a taswirar kaurin hazo, nemi ta PM10 ko PM2.5, wato awon ƙananan burbushin da ke daidai ƙasa, don shi ne wanda za ka shaƙa.