Kayan rage zafin salansa a babban babur: ƙafa ta huta, cinya tana nan tana gasuwa

Abubuwa uku ne a cikin kwalin: farantin ƙarfe da ke rufe mahaɗar bututun salansa, da naɗin zaren gilashi da ake lauyawa a jikin bututu, sai wasu fukafukan roba biyu da ake ɗaurawa a ƙarƙashin kujera. Na yi odarsu daga waje saboda babban babur ɗina na tafiya mai nisa, na hannu ne da aka shigo da shi, ya matsa wa ƙafata ta dama da zafi duk lokacin da na shiga cunkoso. Bazara da damina sun wuce kayan suna jikinsa. Farantin dai kwalliya ta biya kuɗin sabulu, fukafukan ba yabo ba fallasa, naɗin kuwa ba zan ce wa kowa ya saka shi ba.

Mai hawa Boxer ko Jincheng zai ce ai kowane inji da zafinsa. Haka ne, amma injin cc 100 daban, injin da ya haura cc 1,600 daban, balle mai silinda biyu da iska kaɗai ke sanyaya shi, ba lagireto ba fanka. Sannan a wurin da bututun silinda ta gaba da na ta baya suke haɗuwa, daidai bayan dunduniyar direba kuma gaban ƙafar wanda aka goya, nan aka dasa matatar hayaƙi, wadda makanikanmu ke kira indomi. Cikinta dubban ƙananan huji ne da aka shafe da ƙarafa masu tsada, wato filatinam da faladiyam da rodiyam. Hayaƙi ya ratsa ta, sai ta ƙone ragowar fetur ɗin da inji bai cinye ba, ta mai da gubar kabon monoksaid iskar da ba ta kisa nan take. Ba ta ma fara aiki sai ta kai wajen digiri 250 zuwa 300, in ana tafiya kuwa tana yawo tsakanin 400 da 800. Da gangan ake matso da ita kusa da inji don ta yi saurin ɗaukar zafi, kuma ƙonewar da ake yi a cikinta wani ƙarin zafin ne. Masu ƙera babura ba su da zaɓi, domin dokar hayaƙi ƙara tsauri take yi: a Turai an yi Euro 3 a 2006, Euro 4 a 2016, Euro 5 a 2020.

A buɗaɗɗen titi, ka ce daga Kano zuwa Zariya, babu wanda zai san da zamanta, iska ta kwashe komai. Gwajin gaskiya shi ne go-sulon Mararaba zuwa Nyanya, ko danjojin cikin Kano a watan Afrilu lokacin da rana kanta ta haura digiri 40. Ka sauke ƙafa ƙasa, ƙwaurinka na dab da ƙarfen, sai ka ji kamar ka tsaya gefen tukubar mai tsire. Uwargida ma ta sha nata kason. Wata rana muna sauka ta ɗaga takalminta, gefen robar ya narke ya lanƙwashe, bakin doguwar rigarta ya yi ja.

"Maigida, ni dai daga yau a mota zan bi ka," in ji ta.

Farantin ya kashe wannan magana. Ninki biyu ne, ƙarfe marar tsatsa a waje, abin tare zafi mai ƙyalli a ciki, kuma maɗauransa suna ɗaga shi daga jikin bututu da kamar faɗin yatsa. Wannan ɗan ratar ita ce sirrin, domin iska na ratsawa ta tsakani. Yanzu ina tsayawa a danja da wandon jins da takalmi sau-ciki ba tare da na riƙa karkatar da ƙafa gefe ba, uwargida kuma ta dawo kujerarta. Ɗaurawar ba ta da wuya, sukudireba da sifana ƙarama sun isa. Aibinsa ɗaya: maɗauran suna sassautawa bayan ƙarfe ya yi zafi ya huce, sai ka ji ƙarar kwarakwar a kan gargada. A sake ɗaure su bayan tafiyar farko, shi ke nan.

Naɗin zaren gilashin labarinsa daban. Sai an jiƙa shi kafin a lauya, kuma duk da safar hannu sai da ya bar mini ƙaiƙayi har gwiwar hannu. Da aka tayar da inji ya yi ta tuƙa hayaƙi mai warin ƙauri har maƙwabta suka leƙo. Ba na musun cewa ya rage hucin bututun. Amma da damina ta sauka sai ya zama soso, ya sha ruwa da laka ya riƙe. Da na kwance shi, bututun ya yi dabbare-dabbaren tsatsa a ƙarƙashi. Takardar kayan ta yi gargaɗin kada a naɗe matatar kanta, kuma gaskiyarsu, don in zafi ya rasa mafita cikinta na iya lalacewa. To in wurin da ya fi kowane zafi ba a naɗe shi, me naɗin ya zo yi? Yana cikin kwalinsa yanzu.

Fukafukan roban an yi su ne don su karkatar da hucin da ke tasowa zuwa cinya. In babur na tafiya a hankali suna ɗan taimakawa. In an tsaya cak, babu bambanci.

Kuma a nan ne na ke ganin ana ɗora wa matatar laifin da ba nata ba. Zafin da ke cin dunduniya da ƙwauri nata ne, ba shakka. Wanda ke gasa cinya kuwa daga kan silinda ta baya yake fitowa, wadda ke laɓe a bayan ta gaba, iska ba ta isa gare ta sosai, ga ta kuma a ƙarƙashin mazauninka. Ƙwaƙwalwar babur, wato kwamfutar da ke sarrafa injinsa, tana riƙe haɗin iska da fetur a wajen kashi 14.7 ga kashi 1, saboda a nan ne matatar ke aiki yadda ya kamata. Tsofaffin injuna masu kafireta ana sakar musu mai fiye da haka, kuma rarar man tana sanyaya silinda. An tsuke mai, inji ya ƙara zafi. Babu farantin da zai gyara wannan. Kamfanonin ma sun sani: Harley-Davidson da Indian duka suna da tsarin da ke kashe silinda ta baya idan babur ya tsaya inji na kunne, kuma da Harley ta fito da injin Milwaukee-Eight a baburan 2017 ta sauya wa matatar wuri don ta nisanta da wanda aka goya. Mai Honda Gold Wing, da injinsa ke kwance a ƙasa ruwa na sanyaya shi, ba kasafai za ka ji yana wannan kukan ba.

Tun kafin kayan su iso wani bakanike ya kawo mini gajeriyar hanya.

"Alhaji, mu fasa mu ƙwaƙule indomin nan kawai. Zafi ya tafi, ƙara ta fito, ko kuɗin aiki ba sai ka biya ba."

Na ce masa, "Malam, aikin kyauta a wannan zamani? Bar mini kayana."

Ya san abin da yake so, ƙarafan da ke ciki suna da masu saye. Ba ƙarya ya yi gaba ɗaya ba, waɗanda suka cire a cikin abokan hawana sun ce ƙafa ta samu sauƙi. Sai dai na bi bayansu a hanya, warin ɗanyen fetur na dukan hanci ta cikin hular kwano, kuma babur mai faffaɗan gilashi a gaba yana jawo iskar baya ta dawo kan mai hawa da wanda ya goya. Cinyarsu kuma tana nan tana gasuwa kamar tawa. Wasu sun ƙara da sauya lissafin ƙwaƙwalwar don ta saki mai, inji ya ɗan huce, tanki kuma ya daina kai su inda ya saba. A Amurka taɓa waɗannan kayan a abin hawa na kan titi laifi ne. A 2016 Harley-Davidson ta amince ta biya tarar dala miliyan 12 kan na'urorin sauya lissafin inji da ta sayar. Mu nan babu mai tare ka a hanya ya duba, amma huhun naka ne.

Abu biyu da farantin ba ya maganinsu. In ka ga mahaɗar bututun ta yi jajir da dare, inji na tari, to filogi ko koyil ne ke sakin ɗanyen mai yana ƙonewa a cikin matatar, kai shi wurin gyara kafin ta narke. Sannan farantin gefe da sama kawai ya rufe, ƙasan a buɗe yake, don haka da hunturu kada a ajiye babur a kan busasshiyar ciyawa bayan doguwar tafiya.

Kuɗin jirgi da na kwastan sun kusa kamo kuɗin kayan. Wanda zai saya ya nemi farantin shi kaɗai. In kuwa yana da mai walda mai hannu, a Ƙofar Ruwa ko Panteka, zai iya lanƙwasa masa irinsa da ƙarfe marar tsatsa, muddin ya bar ratar yatsa ɗaya tsakaninsa da bututun kuma bai toshe hanyar fedar birki ba.