Wane ɗaki ya dace da mai ƙaramin ƙarfi a garuruwan gefen Kumasi?

Tsadar haya a unguwannin Asawase da Aboabo na cikin Kumasi ta sa 'yan uwa da dama suna leƙa Ejisu da Mamponteng. Ɗan uwa, kafin arahar ɗakin ta ruɗe ka, haɗa da kuɗin motar zuwa Kejetia, babbar kasuwar tsakiyar gari, da dawowa na wata guda.

A ganina babu kamar ɗaki ɗaya mai baranda a gidan haya na tsakar gida, wanda mai gidan ma a ciki yake kwana. In rufi ya yi yoyo ko famfo ya lalace, ga shi nan kusa, kuma irinsu sun fi yarda a biya kaɗan-kaɗan. Amma ka duba abu uku. Bayi ya kasance a cikin gidan, don kuɗin shiga bayin jama'a kullum, ga mata ga yara, sai ya cinye rangwamen. Ka nemi mitar ECG, kamfanin wutar lantarki, taka kai kaɗai, in kuwa ta haɗaka ce, a rubuta yadda ake rabo, kan kwan fitila ko kan kayan wuta, don daga nan rigima take tashi. Sannan ka je da damina: gindin bango mai danshi da fenti mai ɓarewa alamar ruwa na kwanciya ne.

Ciki da falo sai mai iyali da yawa. Mai bayi da kicin a ciki kuwa, kuɗin gabansa, wato hayar da ake biya tun kafin a shiga, ya fi ƙarfin talaka.

Dokar haya ta Ghana ta 1963 ta hana karɓar kuɗin gaba fiye da wata 6, duk da haka ana neman shekara 1 ko 2. Shirin tallafin haya da gwamnati ta buɗe a 2023 yana biyan mai gida kai kuma ka riƙa biya wata-wata, amma sai da Ghana Card, katin shaidar ɗan ƙasa, da shaidar samun kuɗi a kai a kai.

Inda ake cutar mutane shi ne wajen dillalan bogi. Hoto a WhatsApp, sai a ce ka tura kuɗi ta MoMo, wato ta wayar hannu, kafin wani ya riga ka. Kada ka tura ko sidi ɗaya. Wani ɗan haya ne mai shirin tashi, ya nuna ɗakin ga mutum uku ya karɓe kuɗinsu. Wani ɗan gado ne da 'yan uwansa ba su amince ba. Tambayi maƙwabta waye mai gidan, biya a hannunsa gaban shaidu biyu, karɓi rasit da yarjejeniya mai kwanan wata. In rikici ya taso, da takardun nan za ka je ofishin Rent Control, hukumar gwamnati mai sasanta rikicin haya.