Tsirkiya ɗaya a Tate Britain: sharhin ziyara

Duk wanda hanya ta kai shi Landan kuma yana da rarar awa biyu, ina ba shi shawara ya sauka a tashar Pimlico ya taka zuwa gidan adana zane-zane na Tate Britain. Tafiyar kamar ta minti goma ce. Shiga kyauta ne, sai dai baje kolin musamman da ake kawowa lokaci-lokaci, shi ake yankar wa tikiti. Ginin yana Millbank a bakin kogin Thames, a filin da a da kurkuku ne, kuma an buɗe shi a 1897 da dukiyar Henry Tate, attajirin da ya yi arziki da sukari mai ƙwaya, irin wanda muke jefawa a shayi.

Ni zane ɗaya ya kai ni, wanda George Frederic Watts ya yi a 1886 ya sa masa suna Hope, wato Fata. Na sha ganinsa a waya, amma waya ba ta yi masa adalci. Tsayinsa ya kusa mita ɗaya da rabi, kuma launinsa ba shuɗi ba ne tsantsa kamar yadda allo ke nunawa. Shuɗi ne da ya gauraya da kore da toka-toka, dishi-dishi, har ba ka iya cewa ga inda sama ta ƙare. Mace ce zaune a kan dunƙulen duniya, babu takalmi, an ɗaure mata ido da farin ƙyalle. Ta dunƙule jikinta, ta karya wuya har kunnenta ya kusa manne wa wani abin kiɗa irin na Girkawan da. Tsirkiyoyinsa duk sun tsinke, saura ɗaya tak, ita take taɓawa da yatsa.

Sai ka matsa kusa sosai kafin ka ga tsirkiyar nan, don siririya ce kamar gashi. Daga tsakiyar ɗaki abin da za ka gani kawai mace ce da duniya ta yi wa zafi. Ba ni kaɗai na yi wannan karatun ba. Marubuci G. K. Chesterton ya faɗa tun 1904 cewa wanda ya fara ganin zanen zai ɗauka sunansa Yanke Ƙauna. Kafin Watts, masu zane a Turai sun saba nuna fata a siffar mace mai kuzari, idonta a sama, tana riƙe da angar jirgin ruwa, alamar da ta samo asali daga Littafi Mai Tsarki na Kirista. Watts ya cire angar, ya rufe idon, ya sunkuyar da kan. Kuma ya yi aikin ne jim kaɗan bayan rasuwar jaririyar da 'yar riƙonsa ta haifa, don haka ba daga littafi ya san abin da yake zanawa ba.

Na daɗe a tsaye ina gardama da zanen a zuci. Bature in ya ga tsirkiya ɗaya, asara yake gani. Ni kuwa na tashi ina jin kuntigin marigayi Ɗan Maraya Jos a rediyo, kuma kuntigi tsirkiyarsa ɗaya ce, da ita ya zaga duniya. To me zai sa in tausaya wa mai tsirkiya ɗaya? Da na ƙara duba guntayen da suka tsinke sai na ga bambancin. Kuntigi haka aka ƙera shi, mai shi bai rasa komai ba. Ita kuwa wannan baiwar Allah ta san sautin sauran, ta taɓa kaɗa su, yanzu babu. Kuma ba don jama'a take kiɗan ba. Dubi yadda ta kai kunne: sautin ya yi ƙasa har sai ta sunkuya kafin ta ji shi. Watts da kansa ya bayyana cewa fatan da yake nufi ba lallai jiran wani alheri ba ne, kiɗan da za a iya fitarwa daga abin da ya rage ne.

A nan muka ɗan rabu da shi. Ƙyallen idon ya tuna mini da Annabi Yakubu, alaihis salam, wanda idanunsa suka yi fari saboda baƙin cikin rabuwa da Yusufu, amma shi ne ya ce wa 'ya'yansa kada su yanke ƙauna daga rahamar Allah. Shi ma ba ya gani, sai dai ya san wanda yake jira. Matar da Watts ya zana ba ta jiran kowa, ita kaɗai ce a sararin da babu mai amsawa. Zanen ya faɗi gaskiya game da yadda mutum ke ji a daren da aka yi masa rasuwa, wannan na yarda. Amma a ce wannan shi ne fata gaba ɗayansa, ban gamsu ba. Akwai kuma ɗan zaƙin da ya yi yawa: tufafinta sun kwanta lumui, ƙafarta fes, babu ƙura babu kaushi. Wahalar ta yi tsafta fiye da yadda muka san ta.

Duk da haka zanen ya yi tafiyar da mai shi bai yi ba. Martin Luther King ya ambace shi a wa'azi a 1959. A Chicago, Fasto Jeremiah Wright ya gina huɗuba guda a kansa, Barack Obama ya saurara yana matashi, kuma daga nan ya ɗauko jigon jawabin da ya fito da shi a taron jam'iyyar Dimokurat a 2004. Abin mamaki ne a ce wannan mace mai sunkuyayyen kai ta shiga yaƙin neman zaɓen Amurka, inda ake ɗaga hannu ana ihu.

Sauran gidan ma ba na yarwa ba ne. Akwai Ophelia ta John Everett Millais, wadda kullum za ka tarar da mutane a gabanta, da ɓangare guda na ayyukan Turner, wanda ya bar wa ƙasarsa ɗimbin zanensa bayan mutuwarsa a 1851. Mai zuwa da iyali ya sani cewa a wasu ɗakunan akwai zanen tsiraici, kamar yadda yake a yawancin irin waɗannan gidaje na Turai, sai ya tsara inda zai bi da yara.

Kafin ka kama hanya ka duba shafinsu na intanet, domin zane-zanen sukan tafi aro wasu garuruwa, wani lokaci kuma a sauke su a rataya wasu. In ka je, fara da zanen Watts tun ƙafarka ba ta gaji ba, ka kalle shi daga nesa sannan ka matso. Wanda kuma aikin mutumin ya kama shi, akwai gidan da aka keɓe masa a ƙauyen Compton kusa da Guildford, an buɗe shi a 1904, shekarar da ya rasu, kuma ana iya zuwa a dawo Landan a yini ɗaya.