Hattara da masu gwajin gashi: damfarar da ake yi wa masu karnuka da kyanwoyi

Masu kiwon karnuka da kyanwoyi, a yi hattara. Akwai wata harka da ta cika Facebook da Instagram da TikTok, ta masu kiran kansu ƙwararru a “lafiyar dabba ta dukan jiki”. Suna cewa likitan dabbobi alamar ciwo kawai yake dannewa, su kuwa tushen ciwon suke tumɓukewa. Sunan shafin yana canzawa, fuskar da ke cikin bidiyon ma tana canzawa, amma dabarar cin kuɗin guda ce. Don haka dabarar zan bayyana, duk wanda ya gane ta zai gane su ko da wane suna suka dawo.

Da gwaji ake farawa. Karenka yana ta susa har ya yi wa kansa rauni, ko kyanwarki tana yawan amai, sai ga talla: aiko da ɗan gashin dabbar da yawunta a ambulan, za mu gaya maka duk abincin da jikinta ba ya so. Bayan kwanaki sai ga takarda mai launuka, an jera kaza da naman sa da kifi da shinkafa da masara, kusan duk abin da dabba za ta iya sa wa a baki an shafa masa ja. Mai dabba hankalinsa ya tashi, to me zan ba ta? Amsar tana shafi na ƙarshe: garinsu, ɗigonsu, da buhun abincinsu da za a riƙa cire maka kuɗinsa kowane wata.

Wannan gwajin an riga an gwada shi. A 2019 likitocin fatar dabbobi a Amurka sun wallafa abin da suka samu bayan sun aika wa masu irin wannan gwajin samfura iri-iri: gashin karnuka masu ciwon, gashin karnuka masu ƙoshin lafiya, da kuma gashin roba da ruwa a madadin yawu. Gashin robar ma sai da aka dawo masa da jerin abincin da “ba ya so”. Wato ko 'yar tsana ka aske ka aika, za a rubuto maka cewa tana da matsala. Hanyar da likitoci suka yarda da ita wajen gano ko abinci ne ke sa dabba ƙaiƙayi tana da gajiyarwa, shi ya sa ba ta da farin jini: a tsare dabbar a kan abinci guda da likita ya zaɓa har kusan mako 8, ba a ba ta komai bayansa, in ta samu sauƙi a mayar mata da tsohon abincin a ga ko ƙaiƙayin zai dawo. Kuma sau da yawa ƙaiƙayin ba na abinci ba ne tun farko. Ƙuma ce, ko ƙazuwa, ko wani abu a muhallin da dabbar take kwana.

Da a nan abin ya tsaya, da mun ce asarar kuɗi ce kawai. Inda ya fi muni shi ne shawarar da ke biyo baya, cewa a daina allurar rigakafi domin wai guba ce, a koma wa wani ɗigo da suke kira nosod. Ɗigon daga tsarin homiyofati ya fito, wanda wani likita Bajamushe, Samuel Hahnemann, ya kafa a 1796. In ka ga 30C a jikin kwalbar, ga ma'anarsa: a sa ɗigo ɗaya na abu cikin ɗigo 99 na ruwa ko barasa, a girgiza, a ɗebi ɗigo ɗaya daga nan a zuba cikin wasu 99, a yi ta haka har sau 30. Tun daga wajen zagaye na 12 lissafi ya nuna da wuya a samu ko ƙwayar zarra ɗaya ta ainihin abin a ciki. Hukumar da ke yi wa likitocin dabbobi rajista a Birtaniya ta fito a 2017 ta ce wannan tsarin ba shi da hujjar kimiyya da aka amince da ita. To wannan ruwan ake so kwikwiyo ya fuskanci cutar fabo da shi, cutar da ta ɓulla a karnuka a 1978, mai sa gudawar jini da amai, mai iya kashe kwikwiyo cikin 'yan kwanaki.

Ciwon haukan kare kuwa ya wuce maganar dabba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta yana kashe mutum kusan 59,000 duk shekara, mafi yawansu a Afirka da Asiya, kuma kusan duka daga cizon kare ne. In alamunsa suka bayyana a jikin mutum, kusan babu wanda ke tashi. Wanda ya ce maka ka bar allurar nan ka ɗiga wa kare ruwa a harshe, da rayuwar yaran gidanka da na maƙwabta yake wasa.

Sai kayan da suke cewa “na halitta ne, ba ya illa”. Tafarnuwa don korar ƙuma da kaska: tafarnuwa da albasa suna fasa jajayen ƙwayoyin jinin kare da kyanwa, dabbar ta yi ta rasa jini a hankali, dadashinta ya yi fari, fitsarinta ya yi duhu. Man ganyen tea tree da makamantansa na ƙamshi da ake cewa a shafa a fata: kyanwa tana lashe jikinta, hantarta kuma ba ta da ƙarfin narkar da irin waɗannan sinadarai kamar ta mutum, sai ka ga tana tangaɗi, tana dalalar da miyau, jiki na rawa. Raunin hantar nan ne ya sa ƙwayar farasitamol ɗaya tak za ta iya kashe kyanwa. Akwai kuma “azumin wanke ciki”, a hana dabba abinci kwana da kwanaki don wai guba ta fita. Kyanwa, musamman mai ƙiba, in ta yi 'yan kwanaki ba ta ci ba, kitse yana taruwa ya cika mata hanta, ciwon da kan kai ta ga mutuwa.

Jadawalin abincin da suke sayarwa ma haka yake. Kyanwa maciyar nama ce ta asali, tana bukatar sinadarin taurin daga abincinta. A 1987 masu bincike a Jami'ar Kalifoniya da ke Davis suka nuna rashinsa yana sa zuciyar kyanwa ta saki ta kumbura, kuma an san yana makantar da ita. Jadawalin ganye da hatsi da ba a ƙara masa taurin ba, can yake kai ta. Tsokar nama zalla kuma ba ta da isasshen sinadarin kalsiyam, kwikwiyon da aka raina a kanta ƙashinsa yakan yi laushi har ya karye da ɗan tsalle. Wannan jami'ar a 2013 ta duba jadawalin abincin kare na haɗin gida guda 200 daga littattafai da intanet, kashi 95 cikin 100 sun gaza a aƙalla sinadari ɗaya da jiki ke bukata. Kalmar holistic, wato “na dukan jiki”, da suke bugawa da manyan baƙaƙe a jikin buhu ba ta da wata ma'ana a doka, kowa yana iya rubuta ta. Abin dubawa shi ne ƙaramin rubutun da ke cewa abincin cikakke ne bisa ma'aunin AAFCO na Amurka ko FEDIAF na Turai, ƙungiyoyin da ke tsara ƙa'idar abincin dabbobi, da kuma ko na jarirai ne ko na manya. Ko AAFCO ɗin ma ma'auni take fitarwa, ba ta ba kowane kamfani takardar shaida, don haka mai nuna maka “satifiket ɗin AAFCO” ƙarya yake.

Abin da ya fi ba ni haushi shi ne amsar da suka tanada tun kafin dabbar ta rikice. In ka rubuta musu cewa ta ƙara lalacewa, sai su ce albishirinka, guba ce ke fita, ka ƙara haƙuri, ka ƙara ɗigo, kada ka kai ta asibiti a ɓata aikin. Ka ga ke nan in ta warke nasu ne, in ta tsananta ma nasu ne. A cikin wannan jiran ne kare mai ciwon sukari da aka janye wa insulin yake suma. A cikinsa ne muzurun da ke ta tsugunawa fitsari ba ya fita yake mutuwa, domin toshewar mafitsara tana kashewa cikin kwana 2 zuwa 3, ba ta jiran ɗigo. Daga nan saƙonka ya daina shiga, sharhinka a shafin ya ɓace.

Ban ce duk mai maganar abinci da kula da dukan jikin dabba ɗan damfara ba ne. Likitoci na gaskiya suna rage wa dabba ƙiba don ciwon gaɓoɓi, suna ba da man kifi, suna sa abinci na musamman ga mai ciwon ƙoda. Amma sai sun ga dabbar, sun taɓa ta, sun auna ta, wani lokaci sun ɗebi jini. Suna da lambar rajista da za ka iya dubawa a hukumar likitocin dabbobi ta ƙasarka. Ka tambayi mai shafin lambarsa, ka tambaye shi jerin abin da ke cikin garin da yawan kowanne. In ya ce sirrin sana'a ne, ka rufe shafin.

Wanda ya riga ya saya, ya dakatar da ba dabbar kayan yau, ya ɗauki kwalbar da buhun ya tafi da su wurin likita tare da dabbar, ya faɗi duk abin da aka ba ta da ranar da aka fara. Kada a ɗura mata ruwan gishiri don ta yi amai, shi ma yana kisa. In an janye mata magani, likita ne zai faɗi yadda za a mayar da shi. Sannan a ɗauki hoton hirar da rasit tun kafin su goge, a kira banki a tsayar da cirar wata-wata, a kai rahoton shafin.