Gargaɗi kan masu tallar lasisin ƙirƙira da takardun da ba su da rai

Jama'a, akwai wata damfara da ke cin masu ƙananan masana'antu da masu zuba jari, kuma abin da ya sa take kama mutane shi ne takardun da ake nunawa galibi na gaske ne. Lambar tana nan a rumbun ofishin rajista, zanen da ke ciki ma ba ƙage ba ne. Ƙaryar tana cikin abin da ake cewa takardar ta ba mai ita. Za a zo muku da "takardar haƙƙin ƙirƙira ta duniya" a kan wani sabon haɗin roba da zare da aka ce ya fi ƙarfe ƙarfi, ko a kan manhajar zaƙulo bayanai da aka ce ta fi injinan bincike na yanzu. Sai a ce ku sayi lasisin yankinku ku kaɗai, ko ku sayi kaso a cikin haƙƙin, a kuma ƙara da cewa wani ya riga ya nuna sha'awa, don haka a biya kafin ƙarshen mako. Waɗannan fannoni biyu sun yi wa mazambata daɗi, domin mai saye ba ya iya ganin cikin roba da ido, ba ya kuma iya ganin abin da manhaja ke yi a bayan allo.

Ku fara da wannan: babu wani abu wai shi haƙƙin ƙirƙira na duniya. Akwai yarjejeniyar PCT ta haɗin gwiwar ƙasashe kan haƙƙin ƙirƙira da aka sa wa hannu a Washinton a 1970, wadda WIPO, hukumar kare mallakar fasaha ta duniya, ke gudanarwa daga Janiba, amma abin da take bayarwa hanyar shigar da buƙata ce kawai. Duk lambar da ta fara da WO buƙata ce, ba a ba da haƙƙi a kanta ba. Mai ita yana da wata 30 daga ranar da ya fara shigarwa, 31 a ofishin Turai, ya shiga kowace ƙasa da yake so ya biya kuɗinta, ita kuma ƙasar ta duba ta amince ko ta ƙi. Idan wa'adin ya wuce bai shiga ba, buƙatar ta mutu a wannan ƙasar, kuma tunda an riga an wallafa ta a wata na 18, abin da ke ciki ya zama na kowa a can. Haƙƙin da Amurka ta bayar ba ya hana kowa komai a Indiya ko Birazil. Wanda ya sayar muku da lasisin ƙasar da bai taɓa yin rajista a cikinta ba, ya sayar muku da izinin abin da dama ba a hana ku ba.

Bayan lambar akwai harafi, kuma a nan ake yawan yin rufa-ido. A takardun Amurka da na ofishin Turai, A1 na nufin buƙatar da aka wallafa, ba a yanke hukunci a kanta ba. B1 ko B2 ne ke nuna an bayar da haƙƙin. Lambar Amurka da ta fara da D ta siffar kaya ce kawai, wato kamanninsa, ba ta taɓa sinadaran da aka haɗa ko yadda abin ke aiki. Takardar Sin da ta ƙare da U, ko ta Jamus mai U1, ƙaramin haƙƙi ne na shekara 10 wanda ake yi wa rajista ba tare da an zurfafa binciken ko abin sabo ne ba. Akwai kuma buƙatar wucin gadi ta Amurka, wadda ba wanda ke duba ta, kuma takan faɗi da kanta bayan wata 12. Ko da ita kaɗai yake da ita, mutum zai iya rubuta "ana jiran haƙƙi" a jikin kayansa ba tare da ya karya doka ba.

Ko da B2 ce, ku duba ko tana da rai. Wa'adin haƙƙi shekara 20 ne daga ranar shigar da buƙata, ba daga ranar bayarwa ba. A Amurka ana biyan kuɗin raya shi a shekara 3 da rabi, 7 da rabi, da 11 da rabi bayan bayarwa. A Turai kowace shekara ake biya. Wanda bai biya ba haƙƙinsa ya faɗi, amma takardar tana nan a intanet da kyanta kamar ranar da aka buga ta. Duba wannan kyauta ne: Espacenet, Patentscope, Google Patents, da rajistar ofishin da ya bayar. Na ƙarshen shi ne abin dogaro, domin sauran sukan makara wajen sabunta matsayi. A can ne kuma za ku ga sunan mai haƙƙin na yanzu. Sunan wanda ya ƙirƙira daban, na mamallaki daban. Shahararriyar takardar PageRank, dabarar jera sakamakon binciken Google, mai lamba US 6,285,999, wadda aka shigar a 1998 aka bayar a 2001, sunan Larry Page ne a kanta a matsayin maƙirƙiri, amma Jami'ar Stanford ce ta mallake ta, kuma wa'adinta ya riga ya cika. Don haka mutumin da ya nuna muku sunansa a shafin farko bai nuna muku cewa yana da ikon sayarwa ba. Mai yiwuwa tsohon kamfaninsa ne mai ita, ko an jinginar da ita, ko an riga an ba wani lasisin keɓe.

Inda ya kamata ku fi daɗewa shi ne sashen da'awa, wato jerin jimlolin nan masu lamba. Dogon bayanin da ke tare da su, da alkawuran ƙarfi da sauri da arha, ba su ne iyakar haƙƙin ba. Da'awa ta 1 ce ke shata iyaka. A ce ta rubuta: robar folifirofilin, da zaren gilashi kashi 25 zuwa 35 cikin ɗari na nauyi, da sinadarin haɗa zare da roba kashi 1 zuwa 3, da wani takamaiman mai hana cin wuta. Dole dukkan waɗannan su taru a kaya kafin a ce an taka haƙƙin. Abokin gasarku da ya bar abu ɗaya, ko ya sa zare kashi 20, galibi ya fita daga da'irar. Da yawan buƙatu sukan shiga da da'awa mai faɗi, mai dubawa ya yi ta matse su har su fito a ƙuntace. Mazambaci sai ya nuna muku da'awar A1 mai faɗi, ya ɓoye ta B2. Ku ɗora su gefe da gefe.

Abu biyu kuma da ba a cika faɗa ba. Ofishin rajista ba ya gwada kaya a ɗakin gwaji, takarda yake karantawa. Dokar Amurka ma ta yarda a rubuta misalan hasashe, wato gwajin da ba a taɓa yi ba, muddin ba a rubuta su da sigar abin da ya riga ya faru ba. Sannan haƙƙin ƙirƙira ikon hana wasu ne, ba izinin ƙerawa ba ne. Kuna iya riƙe lasisi mai inganci, amma wani kamfani yana da haƙƙi mai rai a kan ɗaya daga cikin sinadaran ko hanyar sarrafawar.

To, sai kayan kansa. Kada ku karɓi samfurin da aka zaɓo muku da rahoton gwaji da aka haɗo da shi. Ku ɗebi naku daga buhunan da za a sayar muku, ku kai ɗakin gwaji mai shaidar ISO/IEC 17025 da ku kuka zaɓa. Ha'incin da ya fi yawa shi ne maye zaren gilashi da garin alli mai arha. Sikeli ba zai tona wannan ba: folifirofilin zalla nauyinsa kusan giram 0.90 ne a kowace santimita kubik, idan aka sa masa zaren gilashi kashi 30 yakan kai wajen 1.12, idan alli aka sa kashi 30 yakan kai wajen 1.13. A hannu duk ɗaya ne. Abin da ke raba su shi ne ƙonawa a tanderu bisa ƙa'idar ISO 1172 ko ASTM D2584, a zafin da ke kusa da digiri 600. Robar za ta ƙone, abin da ya rage a auna shi a duba. Gilashi yakan bar zaruruwa da ake gani, alli kuma gari ne da ke kumfa idan aka ɗiga masa asid mai rauni. Alli yana sa roba ta ƙage, amma ba ya ba ta ƙarfin ja irin na zare, shi ya sa kayan ke tsagewa a wurin kusoshi da lanƙwasa bayan an fara aiki da su.

A kayan da aka ce na zaren kabon ne, akan rina zaren gilashi baƙi, ko a shimfiɗa kabon falle ɗaya a sama don ado, ciki duk gilashi. Ku yanka gefe, ku goge shi da takardar yashi har zaren ya bayyana, ku ɗora mitar auna wuta. Kabon yana wuce da lantarki, gilashi ba ya wucewa. Ku duba kowane falle a jikin yankan, ba saman kaɗai ba. Adadin zaren kabon kuma ba a auna shi da ƙonawa a iska, domin shi ma yana ƙonewa. Narkar da ƙaron da ke riƙe zaren ake yi da asid bisa ASTM D3171. Idan an ce akwai girafin a ciki, wato fallen kabon mai matuƙar siranta wanda Andre Geim da Konstantin Novoselov suka ware a Mancesta a 2004, ku nemi gwajin Raman, wanda ke gane nau'in kabon da hasken leza, na garin kafin a haɗa shi, saboda niƙaƙƙen girafait na yau da kullum ma baƙi ne.

Duk lambar ƙarfi da ba ta zo da sunan ƙa'idar gwaji ba, ku ɗauke ta ba komai ba. Ƙarfin ja na roba ISO 527 ne ko ASTM D638, na falle mai dogon zare ASTM D3039, na lanƙwasa ASTM D790. Ku tambayi ta wace fuska aka ja samfurin, domin falle mai zare a jere yana da ƙarfi sosai a tsawon zaren, a gicciye kuma ƙaron ne kaɗai ke riƙe shi. Matakin UL 94 V-0 na hana cin wuta yana tafiya ne da kauri: abin da ya ci gwajin a milimita 3 yana iya faɗuwa a milimita 1. Nailan kuma yana shan danshi, ƙarfinsa a bushe ya fi na bayan ya zauna a iska, kuma lambar bushewar ce mai talla zai kawo.

A ɓangaren manhajar bincike, dabarar ita ce nuni da aka shirya. Takardu kaɗan, tambayoyi da aka riga aka sani, amsa ta fito tsaf. Ku kawo takardunku, ku rubuta tambayoyi kamar 50 da mai tallar bai gani ba, ku sa wanda ya san aikin ya yi alamar amsoshin da suka dace tun kafin a kunna injin. Sai a ƙirga abu biyu: cikin sakamako 10 na farko nawa ne suka dace, kuma cikin duk waɗanda suka dace nawa injin ya zaƙulo. Haka ake yi a gwaje-gwajen injinan bincike na TREC da NIST, hukumar ma'aunai da fasaha ta Amurka, ta fara a 1992. Sannan ku gudanar da tambayoyin nan a kan sanannun manhajojin bincike Lucene ko Elasticsearch, waɗanda ke jera sakamako da lissafin BM25 ba tare da an biya kowa kuɗin haƙƙin ƙirƙira ba. Tushen wannan lissafi tsoho ne, ya koma ga aikin Karen Spärck Jones na 1972 da na Stephen Robertson. Idan manhajar da ake tallatawa ba ta wuce wannan ba, babu abin saye. A cire na'urar daga intanet yayin gwajin, domin akwai masu tura tambayar a ɓoye zuwa injin wani kamfani su dawo da amsar a matsayin tasu. Ku kuma sani cewa tun hukuncin Kotun Ƙolin Amurka a shari'ar Alice da bankin CLS a 2014, takardun da ba su wuce "a tattara bayanai, a tace, a nuna a kwamfuta" ba suna yawan rushewa a kotu. Tsohuwar takarda irin wannan tana iya zama da rai a rajista, amma ba za ta jure ƙara ba.

Su ma masu ƙirƙirar ba su tsira ba. Da zarar an wallafa buƙata, suna da adireshin mai ita sun fito fili, sai wasiƙu masu kama da na hukuma su fara zuwa suna neman kuɗin "wallafawa" ko "shigarwa a rajistar duniya". WIPO ba ta karɓar wani kuɗin wallafawa na daban, kuma tana ajiye hotunan irin waɗannan wasiƙu a shafinta don a gwada. Akwai kuma kamfanonin da ke alkawarin kai ƙirƙira kasuwa. A 2017 FTC, hukumar kare masu saye ta Amurka, ta kai ɗaya daga cikinsu, World Patent Marketing, kotu, aka kammala a 2018 da hukuncin kusan dala miliyan 26. Dokar Amurka ta 1999 ta wajabta wa irin waɗannan kamfanoni su faɗa a rubuce, kafin a sa hannu, mutum nawa cikin abokan cinikinsu suka samu kuɗin da ya wuce wanda suka biya. Ku nemi wannan lambar. Kada kuma ku bayyana sirrin haɗinku ga kowa kafin shigar da buƙata sai da yarjejeniyar riƙe sirri, domin a Turai bayyanawa a fili tana kashe sabuntar abin, ko da ku da kanku kuka bayyana.

Idan bayan duk wannan kuna son ci gaba, yarjejeniyar ta ambaci lambobin takardun ɗaya bayan ɗaya da ƙasashensu, ta faɗi wanda zai riƙa biyan kuɗin raya su, ta kuma ce za a mayar da kuɗi idan aka soke haƙƙin ko ya faɗi. A raba biyan gida-gida, kowane kaso ya biyo bayan sakamakon gwajin da ku kuka sa aka yi, mafi yawan kuɗin kuma ya zama kaso daga ciniki, ba dunƙule tun farko ba. Lauyan da zai duba muku ya zama mai rajista a fannin haƙƙin ƙirƙira, wanda ku kuka nemo, ba wanda mai sayarwa ya haɗa ku da shi ba. Kuɗin ya shiga asusun da ke ɗauke da sunan mamallakin da ke cikin rajista. Idan aka ba ku asusun wani mutum daban ko aka ce a biya da kuɗin kirifto, ku tsaya nan, ku adana wasiƙun da rasitai, ku kai rahoto ga ofishin rajistar da aka yi amfani da sunansa da kuma hukumar yaƙi da zamba ta ƙasarku.