Malamin tsara birane da ya zana muna filin ƙwallo: ko kuɗin sun biya?

Masu makarantun kuɗi a nan Sakkwato sun sha tambayata wa ya zana muna filin wasanni a makarantarmu ta wajen Arkilla. Malamin jami'a ne, dakta a fannin tsara birane, kuma bincikensa na digirin ƙarshe kan filayen wasa na cikin gari ya yi shi. Yana koyarwa, yana karɓar irin wanga aiki a gefe. Kafin kwabo ya fita hannuna na nemi ganin rajistarsa da TOPREC, majalisar da anka kafa a 1988 don tantance masu wannan sana'a. Bai ɓata rai ba, ya nuna.

Ranar da ya zo, magininmu ya riga ya ja igiya, filin ya kwanta gabas da yamma yana bin katanga. Dakta ya tambayi lokacin da yara ke wasa, munka ce bayan la'asar. Ya ce to mai tsaron ragar da ke kallon yamma rana za ta riƙa dukan idonsa har magariba. Anka tuge turaku, anka juya filin kudu da arewa. Juyin nan ya cinye wurin da munka ware wa shaguna uku, abokin haɗin gwiwata har yau bai huce ba. Da na kawo maganar cikakken fili, mita 105 da 68, dariya ya yi: "Alhaji, 'yan firamare gare ka. In Sokoto United na son wasa, filin wasa na Giginya na nan." Ya rage girman daidai ƙafar yara.

Inda na fi yaba mishi shi ne maganar ruwa da ciyawa. Ya sa an ɗan tada tsakiyar filin, gangarar kamar kashi 1 cikin 100 zuwa gefe, ido ba ya ganinta, amma ruwan Agusta yakan sulale cikin magudana, da safe yara su buga abinsu. Ciyawa kuwa hana mu ya yi. Garin da zafin Afrilu ke haura digiri 40, ya ce sai mun sadaukar da rijiyar burtsatse guda ga ban ruwa, in ba haka ba kafin Sallah ta zama harawa. Jan ƙasa da yashi anka daddaɓe. Dogonyaro ya sa anka jera ta arewa maso gabas, inda iskar hunturu ke kwaso ƙura, nesa kaɗan da katanga saboda saiwa.

Sai dai malami malami ne. Lokacin jarabawa da duba takardun ɗalibai wayarsa ta yi ta ruri ba mai ɗauka, aikin wata guda ya ja mu har wani zangon karatu. Rahoton da ya kawo kauri gare shi, Turanci zalla, sai da na zauna na yi wa magini bayaninsa shafi shafi. Kuma shi tsari kawai yake yi: safiyo da injiniyan da zai zana rumfar 'yan kallo daban munka biya su. Takardun neman izini daga hukumar tsara birane ta jiha ne ya haɗa muna da kansa, ba a dawo muna da ko ɗaya ba.

Kuɗinsa ba su kai abin da munka kashe a tipar yashi ba. Wanda zai ɗauke shi ya kama shi lokacin hutun jami'a, kuma a rubuta ranar miƙa zane cikin yarjejeniya.